Alhaji Abubakar Imam Da Yadda Hausa Ta Hau Injin Bugu



Kamar yadda muka saba, duk shekarar da bikin kafa ƙungiya ya zagayo mukan ware 'yan shafuka mu kawo tarihin wani bawan Allah da ya riga mu gidan gaskiya. A baya fatake da attajirai muke kawowa, don su ne iyayen sana'armu. Bana mun ɗan kauce. Mutumin da muka zaɓa malamin makaranta ne kuma ɗan jarida, ba a san shi da ɗaurin kaya ko bin layin duwan ba. Abin da ya sa muka zaɓe shi wani abu ne da ya same mu a maɗaba'a lokacin da muka kai wannan takarda da ke hannunku, kuma gara mu fara da shi.

Mun gama rubutu a ofis, muka zuba a filashi, muka kai wa wani mai maɗaba'a a cikin gari. Mutumin kirki ne, ya san aikinsa, shekara da shekaru yana buga Faransanci da harshen Ewe. Bayan kwana uku ya kira mu mu zo mu duba gwajin farko. Da muka buɗe shafi sai gabanmu ya faɗi. Duk inda muka sa ƙ ko ɓ, wani ɗan akwati ne babu komai a ciki. Duk inda muka sa ɗ kuwa, yaron da ke kan kwamfuta ya ga abin bai fito ba, sai ya yi mana alheri ya cike da ɖ na Ewe, mai jela a ƙasa, alhali namu ƙugiyarsa a sama take. Mai maɗaba'a ya ba mu shawara mu zubar da ƙugiyoyin baki ɗaya, tunda ai mai karatu zai gane. Muka nuna masa cewa in aka yi haka baƙin da muka yi wa maraba za su koma baki, faɗa da fada za su zama abu ɗaya, kaya da ƙaya kuma ba mai raba su. Da maganar ta zo gaban kwamiti, wasu suka ce a huta, a buga da Faransanci kawai, ya fi sauƙi kuma ya fi arha. Ana cikin haka wani dattijo daga cikin iyayen ƙungiya, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Zariya, ya ce wannan wahala an riga an sha mana ita tun kafin a haifi iyayenmu, ya kuma umarce mu da mu je mu nemi tarihin Abubakar Imam kafin a yanke hukunci. Ga abin da muka samo.

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin jihar Neja ta Najeriya. Don 'yan uwanmu na Yamai kada su ruɗe, jihar Neja daban, Jamhuriyar Nijar daban. Gidansu gidan malamai ne, mahaifinsa Malam Shehu Usman alƙali ne, saboda haka allo ya fara riƙewa kafin fensir. Yayansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, yana koyarwa a Katsina, shi ne ya ja shi can ya shiga makarantar boko. A 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye mafi yawan shugabannin Arewa na farko, ya fito da takardar malanta a 1932, aka ba shi koyarwa a Midil ta Katsina. Da abin ya tsaya nan, da malami ne kamar sauran malamai.

To a lokacin nan akwai wani ofishin gwamnati a Zariya da ake kira Hukumar Fassara, wadda aka mayar Hukumar Talifi, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East. Damuwarsa ita ce yara suna koyon karatun boko amma babu abin da za su karanta na jin daɗi da harshensu. A 1933 ya zaga ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai, aka yi gasa. Littattafai biyar suka fito daga wannan aiki: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ya zama Firayim Minista, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Imam yana ɗan shekara ashirin da biyu ke nan. Duk wanda ya karanta yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suke yi wa juna ƙeta gari-gari ya san marubucin yana da kunne, ya san yadda mutane suke magana a zaure da kasuwa.

East ya ga haka, sai ya roƙi a ba shi aron malamin. A 1936 Imam ya zo Zariya, cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, labarai fiye da tamanin, wanda aka buga a shekarun da suka biyo. An tara masa littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, ya karanta, ya ɗauki ƙashin labari ya tufatar da shi da rigar Hausa, har mai karatu ba ya zaton labarin baƙo ne. Aku ne mai ba da labarin, a fadar Sarki Abdurrahman, yana riƙe ɗan sarki Musa da hira don kada ya fita. Da yawa cikinmu da ba mu yi makarantar Hausa ba a rediyo muka fara jin sa, ko a bakin wani yaya da ya dawo daga Kano da kwafi ɗaya duk ya yage.

Kada a ɗauka kafin wannan Hausa ba ta da rubutu. Ajami ya daɗe, kuma har takardar da ake yin sa haja ce ta fatake: takarda mai tambarin jinjirin wata uku daga Italiya take fitowa, ta bi ta Tarabulus, raƙuma su kawo ta Kano. Mu nan Togo ma muna da namu rabon. Alhaji Umaru na Kete-Karachi, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934, ya zauna a ƙasar da a lokacin take hannun Jamus tare da Lome, ya yi aiki da wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda aka buga ƙamus ɗinsa na Hausa a Balin a 1906. Amma irin waɗannan littattafai na Turawa ne, don Turawa masu koyon harshe. Malami kuwa in yana son kwafi goma na waƙarsa, sai almajirai goma su duƙufa da alƙalami. Abin da babu shi ne Hausa da ake bugawa dubbai, a kai a kai, don Bahaushe ya saya da kuɗinsa.

Kafin a kai ga haka sai an daidaita haruffa. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Amma sautukan nan uku da Turanci ba shi da su sun daɗe suna yawo: wani ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya sa 'yar alama a gefensa, wani ya bar shi haka nan. Sai a shekarun 1930 aka tsaya a kan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, kuma littattafan Zariya da jaridarta su ne suka sa idon mutane ya saba da su. Wani abin sha'awa da muka tarar shi ne, Diedrich Westermann, Bajamushen da ya zauna a Togo tare da 'yan mishan na Bremen ya rubuta ƙamus na Ewe, shi ne ya rubuta bayanin gabatarwa a babban ƙamus ɗin Hausa na Bargery a 1934. Ashe harafin da yaron maɗaba'a ya ba mu aro da namu ba su yi nisa da juna ba, zamani ɗaya masana suka yi ta kai-kawo a kansu. Daga baya, bayan taron Bamako na 1966, Nijar ta ƙara ƴ mai ƙugiya, Najeriya kuwa ta ci gaba da 'y. Shi ya sa takardar da ta fito daga Maraɗi za ku ga ƴaƴa, ta Katsina ku ga 'ya'ya, kuma duk daidai ne.

Yau sabon harafi a kwamfuta saukewa kawai ake yi. A wancan zamani harafi ƙarfe ne. Dalma ake narkawa, a gauraya da kuza da wani ƙarfe don ta yi tauri, a zuba kowane harafi daban, a juye kamar yadda ake ganin rubutu a madubi. In ana son ƙ, sai an sassaƙa mazubinsa a Turai, babba da ƙarami, kuma kowane girman rubutu da nasa. Mai jera haruffa yana tsaye gaban akwati mai ɗakuna-ɗakuna, manyan baƙaƙe a sama, ƙanana a ƙasa, yana tsinta ɗaya-ɗaya yana jerawa a ɗan marikin ƙarfe har layi ya cika. Layuka su zama shafi, a ɗaure shafi tam cikin firam, a shafa tawada, a danna takarda. In an gama kuma a kwance, kowane harafi ya koma ɗakinsa. Manyan gidajen jarida suna da injin Linotype, wanda aka ƙirƙira a Amurka a 1886, mai zuba layi guda cur a lokaci ɗaya, sai dai shi kuma in harafi ɗaya ya ɓaci, layin gaba ɗaya za a sake zubawa. Duk wanda ya gane wannan zai gane me ya sa editan wancan lokaci yake auna kalma kafin ya miƙa ta.

A watan Janairu na 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo, aka ɗauki Imam ya zama editanta na Hausa. Kwabo ɗaya ake sayar da ita, sunan ke nan. Lokacin ana dab da Yaƙin Duniya na Biyu, ji-ta-ji-ta ta cika ƙasa, har ana raɗe-raɗin za a miƙa wa Hitila Najeriya, tunda Jamus tana neman a mayar mata da ƙasashen da aka ƙwace mata, irin su Togo da Kamaru. Gwamnati tana son bakin da za ta yi magana da talakawa. Da farko wata-wata jaridar take fitowa, daga baya aka riƙa matso da ita. Imam ya riƙe ta shekara goma sha biyu, har 1951.

A ganinmu waɗannan shekaru goma sha biyu su ne babban aikinsa, ko da yake littattafan sun fi suna. Littafi sau ɗaya ake rubuta shi. Jarida kuwa ba ta jira, kowane fitowa sai an sami kalmar Hausa ta abin da jiya babu shi: jirgin yaƙi, majalisa, ƙuri'a, kasafin kuɗi, farashin gyaɗa da auduga. Wata kalma a ɗauko ta daga Larabci, wata daga Turanci a lanƙwasa ta yadda baki zai iya, wata a ƙera daga cikin gida. Ba mu ce shi kaɗai ya ƙirƙiro su ba, akwai East da sauran ma'aikata, akwai kuma masu karatu da ke aiko da wasiƙu daga ko'ina. Amma abin da ya wuce ta teburinsa aka buga dubbai, shi ne ya zauna. Kwafi ɗaya kuma ba mutum ɗaya yake yi wa aiki ba, mai karatu ɗaya zai zauna a zaure ko gindin bishiya ya karanta da ƙarfi, jama'a suna saurare.

Ku dubi kalmomin sana'ar bugun kanta, za ku ga hanyoyin nan uku. Ɗab'i da maɗaba'a, jarida da mujalla, harafi da alƙalami, duk daga Larabci suke, malamai sun san su tun daga littattafan Misira. Takarda da tawada sun riga su zuwa, ta hamada suka shigo tare da ayari. Edita da kwafi da inji na Turanci ne. Bugu kuwa namu ne na gado. Mu masu harkar tufafi mun san mabuga, inda ake shimfiɗa baƙin rini a kan gungume a yi ta dukansa har ya yi ƙyalli. Da Bahaushe ya ga inji yana dukan takarda, bai nemi wata kalma ba. Haka bangon littafi, da ɗinkin littafi, da kanun labarai, da sakin layi, da tace rubutu kamar yadda ake tace koko, da keken rubutu. Duk wanda ya je maɗaba'a a Kano ko Zariya yau zai iya gama cinikinsa da Hausa tun daga farko har ƙarshe.

Mu kuwa a Lome da Faransanci ake yi mana, kuma a nan ne da yawa cikinmu suke asara, don mutum yakan ji kunyar ya ce bai gane ba. Tunda kusan kowa a ƙungiyar nan yana buga rasit, ko takardar rakiyar kaya, ko kalanda, ko katin biki, bari mu faɗi abin da muka koya a makonnin nan. In mai maɗaba'a ya ce zai yi maka debi, lissafin kuɗin aiki ne kafin a fara, kuma a nemi a rubuta shi. Maket shi ne tsarin shafi, inda hoto zai zauna da inda rubutu zai zauna. Tiraj shi ne yawan kwafin da za a buga. Garamaj nauyin takarda ne, wato giram nawa murabba'in mita ɗaya yake: mai 80 ita ce ta ofis da muka sani, bango kuwa yana son mai kauri sosai. Abin da suke kira ram, 'yan Najeriya su ce rim, falle 500 ne. Rekto-baso bugun gaba da baya ne.

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne lissafin faranti. Injin da ake manyan ayyuka da shi yanzu ba ya amfani da dalma. Ana ɗaukar hoton shafi a kan wani siririn farantin alminiyam, wanda nan suke ce wa falak. Dabarar ita ce ruwa da mai ba sa haɗuwa: inda babu rubutu ruwa yake kamawa, inda akwai rubutu tawada mai maiƙo take kamawa, daga faranti ta hau roba, daga roba ta hau takarda. Kowane launi da farantinsa. Hoto mai launi, wanda suke kira kadiri, faranti huɗu yake ci: shuɗi, ja-ja mai kama da jan garura, rawaya da baƙi, su ne suke haɗuwa su ba da sauran launuka. Kuɗin faranti da na saita inji ɗaya ne ko kwafi ɗari za a buga ko dubu, shi ya sa dubu ba ta ninka kuɗin ɗari biyar. Ɗan kasuwa ya san wannan, sari ya fi sayen ɗai-ɗai. In kuwa kwafi talatin kake so, kada ka yarda a yi maka faranti, injin kwamfuta ya ishe ka. Sannan shafukan ɗan littafi irin wannan huɗu-huɗu suke tafiya, domin falle ɗaya in an ninka shi shafi huɗu yake bayarwa. Rubutunmu na bana shafi 18 ya kama, dole ko mu rage zuwa 16 ko mu ƙara zuwa 20. Mun ƙara, shi ya sa kuka ga hotunan tafiyar Sinkase sun yi yawa. Wannan hanya ta faranti ita ce kuma ta taimaki ajami, domin ba a bukatar zuba haruffa: mai kyan hannu ya rubuta, a ɗauki hoton rubutunsa, a buga. Yawancin littattafan addini na Kano da ake sayarwa a ƙofar masallatanmu haka aka yi su.

Mu koma ga mai tarihin. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila, Imam yana ciki, Nnamdi Azikiwe ma yana ciki. A can Azikiwe ya shirya takardar neman a sa ranar mulkin kai, Imam bai sa hannu ba. Ya ga Arewa ba ta da isassun masu ilimin zamani da za su riƙe ofisoshi, yana tsoron a fita daga hannun wani a faɗa hannun wani. A tafiyar nan ya gana da Lugga, tsohon gwamnan da ya ci Arewa da yaƙi, ya zayyana masa abubuwan da ke damun mutane game da mulkin En'e da na Turawa. Da ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Wannan matsayi nasa ya jawo masa magana. Jaridar ta gwamnati ce, albashinsa daga can yake, saboda haka wasu matasan 'yan siyasa suna ganin ya cika lallashi, masu mulki kuma suna ganin yana buɗe wa talakawa ido fiye da kima. Mu dai da muke aikin magatakarda tsakanin shugabanni da mambobi mun ɗan san zafin wannan kujera, ba za mu yi saurin yanke masa hukunci ba. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, wadda ta zama NPC.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, da gininsa da injinansa, East yana shugabanta. Daga nan Hausa ta sami gidan bugu nata na kanta, inda marubuci da edita da mai jera haruffa da mai ɗinki suke ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma ba sai an yi wa kowa bayanin mene ne ƙ ba. A nan aka fara jaridar Turanci ta Nigerian Citizen a 1948, wadda New Nigerian ta gada a Kaduna a 1966. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta fitar da ƙananan littattafai masu yawa da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato da Bazazzaga ta Zariya. A 1966 kuma aka kafa kamfanin NNPC, wanda tambarinsa yake kan yawancin kwafin Magana Jari Ce da muka taɓa riƙewa. Yaran da suka koyi aiki a Gaskiya su ne da yawa suka watsu suka buɗe nasu wuraren.

Shi kuwa Imam, bayan ya bar kujerar edita a 1951 ya koma kula da sashen littattafai, ya shiga majalisa, daga tsakiyar shekarun 1950 kuma ya yi shekaru a hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnati. Bai ajiye alƙalami ba, sai dai ya fi karkata ga addini da tarihi, ya rubuta tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da labarin tafiyarsa aikin hajji. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara saba'in. Bayan rasuwarsa Abdurrahman Mora ya tattara tarihin rayuwarsa da ya bari, aka buga a 1989. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan.

Da muka kai wa kwamiti wannan bayani an daɗe ana muhawara. Masu son Faransanci suna da hujja: yaranmu da aka haifa a nan, musamman tun bayan da aka tashi tsohon Zongo a 1977 aka dawo da mu nan arewacin gari, lakwal suka yi, da yawansu suna jin Hausa amma ba su taɓa ganin ta a rubuce ba. Masu son Hausa suka ce ai dalilin ke nan da ya sa za a buga ta, kuma Togo-Presse kanta tana ware wa Ewe da Kabiye wuri, ba wanda ya ce haruffansu sun yi wuya. Iyayenmu mata na kasuwar Asigame da Hejiranawe suka ce su dai abin da za a karanta musu su gane suke so. A ƙarshe aka tsaya a kan Hausa, da taƙaitawa cikin Faransanci a shafi biyu na ƙarshe. Ma'aji bai ji daɗin ƙarin kuɗin ba, ya kuma ce a rubuta cewa bai ji daɗi ba, to ga shi mun rubuta.

Gyaran da ya gagare mu mako guda bai ɗauki rabin awa ba. Wani ɗalibi ɗan ɗaya daga cikin mambobi ya saukar da samfurin rubutu mai ɗauke da haruffanmu a kwamfutar maɗaba'ar, ya kuma nuna mana yadda za mu riƙa rufe aikin a fayil ɗin PDF tun daga ofis, don haruffa su tafi tare da shi, kada su canza a hanya. Mun karanta gwaji sau uku, mutum biyu, ɗaya yana karantawa da ƙarfi ɗaya yana bi da yatsa. Duk da haka in kun ga kuskure namu ne, ku yafe mu.

Saura kalma ɗaya, kuma ita ce ta fi cin kuɗin mutane. Kafin inji ya tashi za a miƙo maka gwaji na ƙarshe a ce ka sa hannu a kan bon-a-tire, wato ka yarda a buga. Daga lokacin da ka sa hannu, duk kuskuren da ya fito a wuyanka yake, ko lambar waya ce ta juye ko sunan kanti, mai maɗaba'a ba zai sake maka kyauta ba. Kada a sa hannu a tsaye, kada kuma a aiki yaro ya sa. Duk mamban da yake son buga rasit ko kalanda da Hausa, ya biyo ofishin ƙungiya ranar Litinin ko Alhamis bayan la'asar da filashinsa, za mu zuba masa haruffan, in yana so kuma mu duba gwajin tare.